Daga Damagaram zuwa bakin teku: yadda jiragen yaƙi ke gadon suna

Ana gobe zan tashi, aka yi suna a wani gida da ke maƙwabtaka da mu cikin Birni. Liman ya raɗa wa jariri sunan kakansa na wajen uba, wanda ya rasu damina biyu da suka wuce. Kafin a gama feɗe rago, mata sun riga sun sa masa Abba, don uwar ba za ta iya buɗe baki ta kira sunan surukinta ba. Ba wanda ya tambayi dalili. An mayar da suna, kowa ya san ma'anarsa.

Wannan al'ada ce ta kai ni Ikko, sai dai masu gadon sunan a can jiragen ƙarfe ne. Mu mutanen Damagaram mun fi kowa nisa da zancen teku. Garin duwatsu ne, ruwan sha ma sai an yi dabara a watannin bazara. Amma akwai jiragen yaƙi da ke yawo a kan teku ɗauke da sunayen Hausa tsantsa a jikinsu, kuma akasarin masu harshen ba su taɓa jin labarinsu ba.

Hanyar ba ta da wuyar ganewa. Daga tasha mota ta bi ta Tirmini, inda aka gwabza da Faransawa a 1899, ta karya kudu a Takeita, ta wuce Kance da Matamai zuwa Ɗan Barto. A nan ake canjin sefa zuwa naira, kuma a nan jandarma da ƴan duwan ke duba takardu, don haka katin shaida ya kasance a aljihun gaba. An ƙetare Kwangwalam sai Daura, sai Kazaure, sai Kano, wajen kilomita 240 ke nan daga gida. Daga Kano zuwa Ikko ya haura kilomita 1,000, kwana ake yi a mota. Wanda ya bi ta Abuja da Lakwaja zai haye kogin Kwara a gadar da ke kusa da Koton Ƙarfe. Ya buɗe ido da kyau a wurin, don shi ne ruwa mafi faɗi da zai gani kafin teku, kuma zai ba shi ma'aunin abin da ke gaba.

A Ikko masauki ba ya wuya ga Bahaushe: Agege, Idi-Araba, Obalende, duk akwai namu. Hanya mafi sauƙi ta ganin jiragen soja ita ce shiga jirgin fito daga Marina zuwa Apapa, inda sansanin sojan ruwa yake. Waya ta zauna a aljihu. Ɗaukar hoton jirgin soja ba da izini ba yana jawo tsarewa da tambayoyi, kuma da gaskiyarsu. Wanda yake son ya taka jirgi da ƙafarsa ya daidaita tafiyarsa da makon bikin rundunar, ƙarshen watan Mayu zuwa 1 ga Yuni, ranar da aka kafa ta a 1956. A lokacin ne aka saba buɗe wasu jirage ga jama'a.

Daga nesa ba suna ake fara gani ba, lamba ce. Jiragen duk launin toka ne, an rubuta harafi da lamba da manyan baƙaƙe a gefen goshi. Harafin yana faɗin irin jirgin: F na manyan jiragen faɗa da rakiya, P na sintiri, A na hidima. Sunan yana can baya, a gindin jirgi, da haruffan ƙarfe da aka yi wa walda, sannan a kan wani allon katako mai sheƙi kusa da ɗakin tuƙi, da jikin tayoyin ceto, da hulunan ƙananan sojoji. Wani dattijo Bakatsine da ya yi ritaya daga aikin, wanda muka zauna kujera ɗaya a jirgin fito, ya nuna min wani dogon jirgi da haɓa, ya ce, "Malam, karanta lambar can." Na ce F89. Ya ce, "To ka gaida Aradu."

Aradu dai ita ce aradun da muka sani, tsawar da ke faɗowa ta tsaga itace, wadda mutanen zamanin da suke rantsuwa da ita. Kamfanin Blohm da Voss ne ya ƙera jirgin a Hamburg ta Jamus, ya shiga aiki a 1982. Tsawonsa ya ɗan haura mita 125, wato ya fi filin ƙwallo, nauyinsa da kaya ya kai tan 3,300 da ɗoriya. Yana da babbar bindiga mai bakin milimita 127 a gaba. Injinansa iri biyu ne, na dizal don tafiyar yau da kullum, da irin na jirgin sama don gudu in ta ɓaci. Shi ne na farko a duniya da aka ƙera bisa tsarin MEKO, inda ake haɗa makamai da na'urori cikin akwatuna masu girma ɗaya, a zura su a gurabensu, a iya cirewa a sauya ba tare da an farke jirgin ba. A 2005 ya je Portsmouth ta Ingila wurin bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar. Bayan haka ya daɗe a ɗaure yana jiran gyara, kuma ido yana ganin hakan a fentinsa.

Ga abin da ya fi ɗaukar hankalina. Ana cikin ƙera shi ba Aradu ne sunansa ba, Republic aka sa masa, wato jamhuriya. Kafin a miƙa shi aka canza. Babban jirgin rundunar da Aradu ya gada kuwa sunansa Nigeria, an ƙera shi a Holan, ya shiga aiki a 1965, ya yi yaƙin basasa, har da saukar da soja a Bonny da Kalaba a 1967. Zuwan sabon jirgi sai aka cire masa sunan ƙasa aka kira shi Obuma, tsawa da harshen Efik. Da Amurka ta miƙa wa Najeriya wani jirgin tsaron gaɓarta mai suna Chase a 2011, mai tsawon mita 115, aka sa masa Thunder, tsawa da Turanci, lamba F90. Ɗan'uwansa Gallatin ya biyo a 2014 ya zama Okpabana, tsawa da harshen Igala, lamba F93. Jirgi huɗu, harshe huɗu, ma'ana ɗaya. Ingila da Amurka kalma suke maimaitawa. A nan ma'anar ake gada, a bar kowane harshe ya faɗe ta da bakinsa. A ganina wannan dabara ce ta mai hankali a ƙasar da harsuna suka yi yawa, kuma tana kama da abin da matan Birni suka yi: sunan kaka yana nan, amma da wani lafazi ake kiran yaro.

Haka abin yake a sauran dangogin. Jiragen faɗa matsakaita guda huɗu da aka sayo daga Ingila duk dorina ne: Dorina da Otobo a 1972, daga baya Erinomi da Enyimiri. Na biyun nan, da Yarabanci da Ibo, fassararsu giwar ruwa, abin da in ka faɗa wa masunci Bahaushe zai ɗauka kifi kake nufi. Ƙananan jiragen kai hari masu gudu da aka ƙera a Jamus duk damisa ne: Ekpe, Damisa da Agu. Tsofaffin jiragen hidima huɗu da Amurka ta bayar a farkon shekarun 2000, waɗanda aka ƙera tun zamanin yaƙin duniya na biyu, kuliyoyi ne: Kyanwa, Ologbo, Nwamba da Obula. Jiragen da ke kai soja da motoci har bakin gaɓa, su buɗe baki su sauke, an ba su sunan kada, kuma duk wanda ya ga kada ya fito shan hantsi zai gane dalili. Na da su ne Ambe da Ofiom, masu lamba 1312 da 1313. Magajinsu da ya iso a 2022, mai tsawon mita 100, sunansa Kada, lambarsa 1314. Har lambar ta bi jerin gidan.

Akwai kuma maimaita suna kai tsaye. Dorina ta dawo a jikin wani ƙaramin jirgin sintiri ƙirar Faransa. Lana, jirgin auna zurfin ruwa da zana taswirar teku, wanda aka ƙera a Ingila a 1976, ya samu takwara a 2021, sabo mai tsawon mita 60, shi ma daga Faransa, aikinsu ɗaya.

Ba a mayar da suna haka kawai, akwai ƙa'ida, kuma tana bin matakan rayuwar jirgi. Da farko ana ɗora ƙashin bayansa a ma'aikata, lokacin sau da yawa lambar aiki kaɗai gare shi. In gangar jiki ta haɗu sai a sauke shi a ruwa, ran nan ne raɗin suna. A ƙasashen Turawa wata mace mai daraja ce ke fasa kwalba a goshinsa ta ambaci sunan, a Indiya kwakwa ake fasawa. Sai a ƙarasa kayan ciki, a fita gwaji a teku, a gwada gudu da juyi da tsayawa da harbi. Bayan nan ne ake karɓarsa cikin runduna, a ɗaga masa wata siririyar tuta doguwa a saman sanda, kuma daga ranar yake cin haruffan da ke gaban suna, NNS a Najeriya, HMS a Ingila, USS a Amurka. In ya tsufa a sauke tutar. Amma sauke tuta bai saki suna ba, don ana iya ajiye jirgi shekaru a dawo da shi. Sai an goge shi daga rijistar runduna, ko an sayar, ko ya nutse, sannan suna ya zama na bayarwa. Jirgi biyu ba sa amsa suna ɗaya a runduna ɗaya lokaci ɗaya, don saƙo da umarni da albashi da wasiƙun gida duk da sunan jirgi suke tafiya. A Amurka sakataren rundunar ruwa ke zaɓar suna, bisa dokar da majalisa ta yi tun 1819. A Ingila kwamiti ne ke ba da shawara, sarki ya sa hannu.

In ana son suna kuma mai shi yana da rai, sai a karɓe a ba shi wani. A 1912 Amurka ta mayar da wani jirgi mai suna Pennsylvania ya koma Pittsburgh, don a ba sabon babban jirgi sunan jihar. Har tsohon jirgin katakon nan Constitution, na 1797, wanda ke Boston, an taɓa yi masa haka: daga 1917 ya zama Old Constitution saboda wani sabo da ake shirin ƙerawa, sabon bai kammalu ba, aka mayar masa da sunansa a 1925. Victory na Ingila, wanda aka sauke a ruwa a 1765, har yau yana cikin rijista a Portsmouth, don haka ba wani jirgin da zai iya ɗaukar sunan.

Me ake gada ban da suna? A rundunar Ingila yaƙoƙin da jirgi ya yi suna bin sunan, ba ƙarfen ba. Ana sassaƙa su a allon katako, wuri da shekara, a kafa a inda kowa zai wuce. Ark Royal na biyar, mai dakon jiragen sama, ya yi aiki daga 1985 zuwa 2011, amma layin farko a allonsa yaƙin 1588 ne da rundunar Sifaniya, wanda Ark Royal na farko, jirgin katako mai tafiya da iska, ya jagoranta. Yaro ɗan shekara 18 da ya shiga jirgin yau, gobe an koya masa cewa wannan tarihin nasa ne. Kirarin gidan sarauta ke nan, wanda maroƙi ke jero wa sabon sarki tun daga kakannin da bai gani ba. Tambarin jirgi da takensa su ma suna wucewa, haka kwanukan azurfa na ɗakin hafsoshi. Sai ƙararrawa, ta tagulla, mai ɗauke da suna da shekara. Ita ce abin da ake fara cirewa kafin a kai jirgi mayanka, kuma ita masu nutso ke nema in ya nutse. An ciro ta Prince of Wales a 2002 daga ƙarƙashin teku kusa da Malesiya, inda jiragen saman Japan suka nutsar da shi ran 10 ga Disamba 1941. Sabon mai sunan ya shiga aiki a 2019.

Amurkawa sun kai abin har ga ƙarfen kansa. Enterprise na yaƙin duniya na biyu an yanka shi bayan 1958, amma aka cire wasu tagoginsa masu zagaye aka sa wa magajinsa na 1961, mai tsawon mita 342 da tukunyar nukiliya 8. Shi ma da ya ajiye aiki, an narka wani ɓangare na ƙarfensa an zuba cikin Enterprise na tara da ake ƙerawa a Newport News.

A lokacin yaƙi gadon yakan zo da gaggawa. An nutsar da jiragen Amurka uku, Lexington a Mayun 1942, Yorktown a Yuni, Hornet a Oktoba. Nan da nan aka cire sunayen wasu jirage uku da ke kan ƙira, Cabot da Bon Homme Richard da Kearsarge, aka maye su da na waɗanda suka nutse. Kafin ƙarshen 1943 duka ukun sun shiga aiki. Ma'aikatan da ke walda sun san wa suke ramawa, abokan gaba kuma suka sake jin sunayen da suka yi shelar sun binne.

Wani sunan kuma nauyinsa kan sa a bar shi ya kwanta. Hood ya tarwatse a Mayun 1941, mutum 3 suka tsira cikin 1,418, kuma Ingila ba ta sake sa wa jirgi sunan ba. Arizona na Amurka ya nutse a Pearl Harbor a 1941 da mutum 1,177, sai a 2019 aka sanar da ba wani jirgin ƙarƙashin teku sunan, bayan shekara 78. Sunan ƙasa ma ana tsoronsa: a farkon yaƙin duniya na biyu Jamus ta canza wa jirginta Deutschland suna zuwa Lützow, don kada a wayi gari a ji an nutsar da Jamus.

Inda al'adar ke kawo matsala shi ne ruɗani, kuma sunan Nigeria kansa ya isa misali. Jirage uku ne suka amsa shi. Na farko na Ingila ne, babban jirgi mai tsawon mita 169 da aka sauke a ruwa a 1939, aka harbe shi a hanyar Malta a 1942 bai nutse ba, daga baya Indiya ta saye shi ya zama Mysore a 1957. Mysore ɗin ma ya samu takwara a 1999. Na biyu tsohon mai share nakiyoyin ruwa ne na Ingila mai suna Hare, da aka ba Najeriya a 1959. Na uku shi ne na Holan da ya koma Obuma. Sau da yawa za ka ga an sa hoton na farko a Facebook an rubuta labarin na uku a ƙasa, a ba jirgin da bai taɓa zuwa Bonny ba yaƙin Bonny. Lamba tana taimakawa amma ba ko'ina ba. Amurka ba ta saba maimaita lamba ba, shi ya sa CV-6 da CVN-65, wato Enterprise na yaƙin duniya na biyu da magajinsa, ba sa rikicewa. Ingila tana maimaitawa: R09 ta zauna a jikin Ark Royal na huɗu, yanzu tana jikin Prince of Wales. Indiya ta haɗa duka biyu, Vikrant na 1961 da na 2022 suna ɗaya, lamba ɗaya, R11. Don haka mai rubutu ya haɗa abu uku, suna da lamba da shekarar shiga aiki. Ko a gida in an ce Tanimun sai an ƙara bayani, sarkin da ya ƙarfafa ganuwa ya sa aka ƙera igwa a Damagaram ake nufi, ko barikin soja da ke kan dutse, wanda Faransawa suka fara kira da sunan Kazamaju.

Jirgin da aka sayo na hannu yana da tasa matsalar. Ana kankare tsofaffin haruffa da injin gurza a yi waldar sababbi, amma in rana ta bugi gindin jirgin a karkace, wani lokaci inuwar tsohon suna takan fito ƙarƙashin fenti. Farantin maƙera da ke ciki, da zanen injina, da littattafan kayan gyara, duk da tsohon suna da tsohuwar lamba suke. Wanda ya aika neman kayan gyara da sabon suna kaɗai, kamfanin da ya ƙera injin ba zai same shi a littafinsa ba. Dattijon nan ya ce min, "Shi ya sa nake gaya wa yara, ku san sunan yankan jirginku, ba laƙabinsa kaɗai ba."

Da na dawo gida, da dare a fada cikin Zango, ana dafa shayi na biyu, wani ƙanena ya ce, "Yaya, to in Aradu ya gama, wa zai gaje shi?" Na ce muddin yana cikin rijista ba mai taɓa sunan, ko da bai motsa daga inda yake ɗaure ba. Ranar da aka goge shi kuwa, ina fatan a ba sabon jirgi sunan da Hausarsa, kada a tsaya ga ma'ana kawai. Kuma kafin mai walda ya kunna wuta a jikinsa, a fitar da ƙararrawar, da allon sunan, da farantin maƙera na Hamburg, da littattafan tafiya tun daga 1982, a ajiye su a ɗaki mai makulli inda iskar gishiri ba ta shiga, har ranar da za a sauke takwaransa a ruwa.